A yi gudun Kaduna zuwa Zariya domin 'yan mazan jiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarmu mai farin jini in kawo shawara kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Duk shekara sai a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Shi kuwa sojan da ya dawo daga Sambisa da ƙafafunsa biyu amma barci ya gagare shi, taya ta fashe a titi ya zabura yana neman maɓoya, ba mai waiwayarsa. A gida sai a ce iska ce ko shaye-shaye, alhali likitoci sun san ciwon: firgici ne da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwa, kuma yana jin magani. Tun dawowar dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, ECOMOG, daga Laberiya da Saliyo muke zaune da irinsu a unguwanninmu.

A Afirka ta Kudu, wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya ƙirƙiro gudun Comrades a 1921 don tunawa da sojojin ƙasarsa da suka kwanta dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kusan kilomita 90 ne tsakanin Durban da Pietermaritzburg, ya ninka gudun famfalaƙi mai kilomita 42, kuma har gobe ana yin sa.

Mu ma daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, hanyar ma ta Jaji, garin barikin soja, ta bi. Kaduna da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da hedikwatar Runduna ta Ɗaya ba za ta rasa masu ƙafa ba. A tashi daga Dandalin Murtala bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu. Wanda ba zai iya kaiwa ba ya yi kilomita 10 ya miƙa wa wani, 'yan kasuwa kuma su ɗauki nauyin kowace kilomita. Tireloli dai sai jami'an kiyaye haɗura sun tsaya mana.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin. Kada a tara a sayi shinkafa a raba gaban kyamara. A biya wa tsofaffin sojoji ganin likita da magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Asibitin Sojoji na 44, a haɗa da matansu, don su ne ke kwana da abin. Sannan a buga lissafin kowace naira a wannan jarida.

Wassalam,
Mai karatunku daga Unguwar Shanu, Kaduna