Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya, Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tarurrukanmu na wata-wata sun gudana, in ban da na watan azumi. Kuɗin wata kuwa har yanzu ana jan ƙafa, ma'aji zai yi nasa bayanin.

Babban aikin bana shi ne fitar da muka yi zuwa Keana, Jihar Nasarawa, da rani, ɗauke da na'urar auna ƙarfin jan ƙasa da muka aro, don gano yadda duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke. Ga waɗanda ba su je ba: Kwarin Binuwai, inda Keana take, ya tsage ne lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ya cika da yashi da laka. Kimanin shekaru miliyan 85 da suka wuce ƙasa ta matse shi, shimfiɗun duwatsun suka lanƙwashe, inda yake rami ya taso sama. Haka ya faru a Abakaliki, haka a Keana. In dutse mai nauyi ya matso kusa da doron ƙasa, sai karatun na'urar ya hau.

Hawan ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kuskuren mita ɗaya a tsayin wuri kan sauya karatu da kusan miligal 0.3 (miligal shi ne ma'aunin ƙarfin jan ƙasa). Ranar farko ba mu koma tashar da muka fara ba kafin magariba don gyara zamewar na'urar (yadda karatunta ke sauyawa da kansa a hankali), aikin yini guda ya tafi a banza. Ni ke riƙe da littafin, laifina ne.

Da muka dawo an tafka muhawara. Tun 1965 masu bincike biyu, Cratchley da Jones, suka nuna karatu ya hau a tsakiyar kwarin, ya sauka a gefe biyu. Matasanmu na ganin hawan ya isa shaidar tasowar ƙasa. Ni ban yarda ba, domin narkakken dutsen da ya kutso ya sandare a can ƙarƙashi zai ba da irin wannan karatu. Sai an duba yadda shimfiɗun suka karkata a fili. Ba ƙaramar magana ba ce, a irin wannan lanƙwasa ɗanyen mai ke taruwa, kuma a wannan kwarin rijiyar mai ta Kolmani take.

Fita ta gaba Lamurde ce, a Jihar Adamawa, bayan damina. Mai son zuwa ya ba sakatare sunansa, ya kuma kawo gudummawar man mota.