A tambayi "kashi 2 na me?" kafin a sa hannu a takardar rance

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai albarka in ja hankalin masu karɓar rance. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wani bashin ya fi wani cin rai, kuma bambancin yana ɓoye ne a wajen lissafin ruwa.

Idan mai ba da rance ya ce "kashi 2 ne kacal a wata", a tambaye shi: kashi 2 na me? Wasu suna ɗora ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshen wa'adi, wasu kuma a kan abin da ya rage ba a biya ba. A ce mutum ya ci bashin 120,000, zai riƙa rage 10,000 duk wata har wata 12. A lissafin farko ruwan 2,400 ne kowane wata, har a watan ƙarshe da 10,000 kawai ake binsa. Jimla 28,800. A na biyu, watan farko 2,400, na biyu 2,200, haka zai yi ta sauka har 200. Jimla 15,600. Na farkon ya kusa ninka na biyun, alhali duk "kashi 2" aka rubuta.

Sai kuɗin cike takardu da ake yankewa tun farko. In aka cire 6,000, to 114,000 ne suka shiga hannunsa, ruwa kuwa a kan 120,000 yake hawa. Don haka a nemi a rubuta jimlar abin da za a biya, da tarar jinkiri, da ko za a sassauta ruwa in an biya da wuri. Wanda ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, a bar masa kuɗinsa.

Wanda kuma basussuka suka riga suka yi wa katutu, ya rubuta su duka a takarda ɗaya da ruwan kowanne. Ya biya kowa abin da ya wajaba a wata, rarar kuma ya zuba ta a kan mafi tsadar ruwa, ko da ba mai shi ne ya fi damunsa da waya ba. Dalili kuwa, bashin da ruwansa ke haihuwa da kashi 6 a wata, wato ruwa yana hawa kan ruwa, in aka bar shi, cikin wata 12 ya ninka. Hanyar gane watannin da bashi zai ɗauka kafin ya ninka ita ce a raba 72 da adadin ruwan na wata.

In ya hango wata zai gagare shi, ya je ya nemi a sake tsara masa biyan tun ranar ba ta zo ba, don in tara ta fara hawa da wuya a janye ta. Mai tsaya wa wani kuma ya sani, in mai bashi ya kasa, shi za a kama da ragowar kuɗin har da ruwansu.

Na gode.

Naku,
Wani mai aikin lissafin kuɗi