A fito da faifan garmaho daga sito a sa mana a rediyo

Ranka ya daɗe Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a bani ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga shugabannin gidajen rediyonmu, musamman tsofaffin gidaje na gwamnati, akan tsofaffin faifan garmaho da ke jibge a ɗakunan ajiyarsu. Ina nufin baƙaƙen faifan nan masu nauyi da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, waɗanda ke ɗauke da kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyin 'yan busa, wato hailaif na shekarun 1950. Yau ka murɗa rediyo tun asuba har dare, tasha bayan tasha, wallahi ba za ka ji ko ɗaya ba.

Yaran yanzu da yawa ba su san wannan kiɗa ba kuma ba laifinsu bane, ba a sa musu bane. Mutum goma ko fiye akan dandali, masu ƙahon Turawa irin na badujala a gaba, mai jita da masu ganguna a baya, kuma duk a tashi ɗaya ake ɗauka, in mutum ɗaya ya kuskure sai kowa ya koma farko, babu zancen kwamfuta ta gyara maka murya. Kowane gefen faifai minti uku ne da ɗan wani abu, shi yasa ba sa wasa da lokaci, ana ɗora allura busa zata tashi. E.T. Mensah na Gana da ƙungiyarsa Tempos sun fara ɗaukar faifai da kamfanin Decca a 1952, kuma zuwansu Legas ya sa makaɗan Najeriya da yawa suka karkata ga wannan salo, ga su Bobby Benson, ga Victor Olaiya wanda ya yi wasa a bikin samun 'yancin kai a 1960. Ko Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho ɗan Amurka, da ya zo Ankara babban birnin Gana a 1956 sai da ya yi busa tare da Mensah.

Na san wani zai ce ai wannan kiɗan 'yan kudu ne, kiɗan otal, ina ruwan Bahaushe. To ni dai a zangon Kumasi na buɗe ido, kuma garmahon farko da na fara gani a shagon wani tela ne Bahaushe, ɗan akwati mai hannu a gefe, sai ya wana shi sosai sannan ya buɗe ɗan gwangwanin allurai ya ɗauko sabuwa ya ɗaura, don allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar, in ka maimaita ta cinye faifan. In wanin ya kusa ƙarewa sai ka ji muryar mawaƙin ta fara yin kauri tana ja, mu yara mu ruga muna rige-rigen kama hannun. A jikin wasu faifan akwai hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin garmaho. Fatake masu safarar goro da ma'aikatan reluwe da sojojin da suka dawo daga yaƙi a ƙasar Bama duk sun ji wannan kiɗa, wasu sun sayo faifan sun kawo gida, Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos kuwa ba a magana. Kuma daga cikin wannan salo ne marigayi Bala Miller ya fito har ya zo yana rera shi da Hausa tsantsa a Kaduna. Ban da haka ma, tun tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan kuma akwai na Hausa a ciki. Kaga kenan kantar da ke ɗauke da hailaif ita ke ɗauke da muryoyin kakanninmu, in aka bar ɗaya ya lalace ɗayan ma ya tafi.

Abin da ya fi tada min hankali shi ne faifan nan ba roba bane irin na baya-bayan nan. Da wani irin ƙaro ake yinsu wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a haɗa da garin dutse, saboda haka in ya suɓuce ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. Zafi na lanƙwasa shi, damina na sa masa fumfuna. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo, ba sai na faɗi suna ba, na tarar da su a ƙasa an ɗora wani kan wani har kusan gwiwa, rufi na yoyo, gara ta cinye takardun, na ƙasan duk sun tsage saboda nauyi, wani ma'aikaci kuma da kyakkyawar niyya yana goge wasu da sifirit bai san sifirit narkar da ƙaron yake ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Yawancin kamfanonin da suka buga su sun daɗe da tattara nasu ya nasu, wani faifan in ya fashe shikenan, zai yi wuya a sake samun irinsa.

Kuma aikin ba wani mai tsada bane. A tsayar da su a tsaye akan kanta a ɗaki mai sanyi, a share ƙura da burushi mai laushi, a samo na'ura mai gudun 78 da allurar da ta dace, don ta faifan roba ta cika siriri sai dai ka ji shuuu kawai. Sannan a kwafe su cikin kwamfuta a rubuta sunan ƙungiya da lambar faifai. Gidan rediyon Gana sun yi irin wannan da ɗakin faifansu a Ankara, a Cape Coast ma har gidan tarihi na faifan garmaho aka buɗe a 1994. Mu me ya hana mu? Rediyo ya iso Kano tun 1944, na Kaduna tun 1962 yake, ba a rasa abin da ya rage a sito ba.

Roƙona minti talatin kacal a mako, ko daren Lahadi ne. A samo dattijo wanda ya san abin ya zauna da matashi ɗaya, a sa faifai a faɗi wa ya yi, a wane gari, wace shekara. Kuma dan Allah kar injiniyoyi su matsa wajen kankare ƙas-ƙas ɗin nan na allura har su kashe daɗin busar, a bar shi a ji shi yadda muka san shi. A kuma yi sanarwa duk wanda ya gaji faifai a cikin adakar mahaifinsa ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa, na tabbata akwai su a gidaje da yawa, ni kaina ina da 'yan kaɗan da nake lulluɓe da zani kuma a shirye nake in kai duk tashar da ta fara.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraron rediyo daga Tudun Wada, Kaduna.