Abin da wuta ta cinye ba duka ne ƙazanta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in yi gyara a kan bayanin da aka saba yi game da gwajin gurɓataccen ruwa, inda ake cewa nauyin da ya ƙone a tanderu shi ne ainihin adadin ƙazantar da ta samo asali daga abubuwa masu rai. Mu da muke wannan aiki a ɗakin gwaje-gwaje mun san cewa kintace ne mai amfani, amma ba cikakken hukunci ba ne.

Ana fara busar da samfurin ne a zafin digiri 103 zuwa 105 na ma'aunin Salshiyos, a auna ragowar, sannan a sa ta a tanderu mai zafin digiri 550, a sake aunawa. Idan mililita 100 na ruwa ya bar miligiram 50 bayan busarwa, tokar kuma ta tsaya a 15, to miligiram 35 ne suka tafi, wato 350 a kowace lita. Haka tsarin yake a littafin ƙa'idojin gwajin ruwa da ƙungiyar kiwon lafiyar jama'a ta Amurka ta fara bugawa a 1905, a sashen da yanzu ake kira 2540 E.

Matsalar ita ce wuta ba ta tantance abin da take ci. A wannan zafi, wasu gishirin ma'adinai suna tarwatsewa, ruwan da ke maƙale a cikin ƙwayoyinsu yana fita, dukkan wannan asara kuwa ana lissafa ta tare da ta ruɓaɓɓun abubuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai abubuwan da suke tsere wa ma'auni tun a matakin busarwa, kafin su kai ga tanderu. Saboda haka adadin yana iya zarce gaskiya, yana kuma iya gazawa.

Sai kuma hannun mai aikin, wanda a ganina shi ne ya fi ɓata sakamako. Dole ne a fara ƙona kaskon gwajin da matacinsa tun suna wofi, a ɗauke su da awartaki, domin maiƙon yatsa ma yana da nauyi. Na taɓa ɗora kasko a kan ma'auni bai gama hucewa ba, ina kallo lambobin suna ta hawa a hankali, ga tokar tana shan laima, ga ɗumin yana rikita awon. Shi ya sa ake sanyaya shi a cikin rufaffen mazubi mai tsotse laima, a maimaita ƙonawa da aunawa har nauyin ya daina sauyawa. Kuskuren miligiram ɗaya a wancan samfuri ya zama goma a lita.

Duk da haka, ban ce a raina gwajin ba. Da shi masu kula da matatun ruwan kwata suke kintata yawan bakteriyar da ke yi musu aiki, kuma dokar da Amurka ta kafa a 1993 kan lakar matatun ta amince da rage kashi 38 cikin ɗari na abin da ke ƙonewa a matsayin hanyar hana lakar jawo ƙudaje. Roƙona kawai shi ne, idan za a buga irin wannan adadi, a bayyana ko daga ruwan gaba ɗaya aka auna shi ko daga abin da mataci ya tare.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa