Kuɗin digiri na biyu ya narke mini a asusun ajiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin sakandare ne a Zariya, lissafi nake koyarwa. Tun 2021 na ƙulla niyyar komawa jami'a in yi digiri na biyu, sai na riƙa tsakurar wani abu daga albashi duk wata ina zubawa a asusun ajiya. Uwargida ma sau biyu tana miƙo mini kwasarta ta adashe. A lissafina shekara uku za su wadatar.

Ana nan sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata na zagayowa aka sakar wa naira mara. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Kuɗina yana nan a banki, ko kwabo bai ragu ba, amma ranar da na je sayen kwamfutar da zan yi bincike da ita, mai shagon ya faɗi farashi, na tsaya ina kallon takardar da na rubuta kasafina a kai shekara biyu da suka wuce. Abin da na ware wa kwamfuta da littattafai da buga kundi gaba ɗaya, kwamfutar kaɗai ta lashe shi. Ga kuɗin mota, ga data, ga kwafin kundi da ake bugawa ana sake bugawa duk lokacin da malami ya yi gyara.

Kuma babu inda irinmu za su jingina. Bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rance, da aka fara a 2024 bai haɗa da masu digiri na biyu ba, tallafin TETFund, asusun gwamnati na raya ilimi mai zurfi, kuwa na malaman manyan makarantu ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai daga baya na ji labarin sukuk, wato takardar zuba jari mai bin tsarin Musulunci. Ashe tun 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa yake fitar da shi, ana shiga da naira 10,000, ana gina hanyoyi da kuɗin, mai hannun jari kuma yana karɓar kuɗin haya sau biyu a shekara, ba kuɗin ruwa ba. Na san wa'adinsa yana da tsawo, na farkon shekara bakwai ne, kuma ba zai cike duk giɓin da hauhawar farashi ta yi ba. Amma da ya rage mini zafi. Wani abokin aikina shi masara ya saya da kaka ya ajiye, ƙwari suka ɓata masa buhu uku. Wasu kuma CBEX suka faɗa, wata harkar zuba jari ta bogi a intanet, ta rushe da kuɗinsu a Afrilun 2025.

Roƙona, Malam Edita, ku ware mana fili na musamman. Ku gayyato masana daga Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari da bankunan Musulunci, tare da malamin fiƙihu, su yi mana bayani da Hausa: mai ƙaramin albashi da yake tara kuɗin karatu na shekara biyu ko uku, ina zai ajiye shi cikin halal, kuma yaya zai cire shi idan lokacin rajista ya zo? Ni dai na ɗage karatun zuwa baɗi, kuma wannan karon ina so in san inda zan sa kuɗina kafin albashin wata mai zuwa ya shigo.

Naka,
Wani malamin sakandare, Zariya