Hayaƙin murhu da lafiyar jarirai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da manufar girki mai tsafta, wato girki da makamashi mai ƙarancin hayaƙi, da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2024. An fi tattauna ta ta fuskar ceton dazuzzuka, amma a ganina mace mai ciki ya kamata a fara dubawa.

Hayaƙin itace da gawayi na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke rage iskar da jinin uwa ke kai wa ɗan tayi. Hakan na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi. Rahoton State of Global Air na 2020, kan ingancin iska a duniya, ya danganta mutuwar jarirai kusan 500,000 a faɗin duniya cikin watansu na farko a 2019 da gurɓatacciyar iska.

A unguwanninmu za ka ga mai tsohon ciki durƙushe tana hura wuta a madafar da ba ta da taga, idanunta na zubar da hawaye. Bayan haihuwa ga dafa ruwan wankan jego na kwana arba'in, ga kaskon garwashi a ɗakin mai jego lokacin hunturu, an toshe ko'ina. Tsadar gas kuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi.

Shawarata ita ce gwamnatocin jihohi su haɗa wannan manufa da awon ciki. Duk mai katin awo a ba ta murhu mai rage hayaƙi ko tukunyar gas da rangwame, ungozomomi kuma su riƙa bayanin illar hayaƙi. Kafin nan, magidanta su mayar da girki tsakar gida.

Na gode,
Mai karatu daga Zariya