Makarantar ƙauye da ta ci kofin jiha a Amurka, da kofinmu da ya ɓata

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da kai da ma'aikatanka da duk masu karatu. Don Allah a ɗan ba ni fili, na san wasiƙar ta yi tsawo, amma in za ka rage ta ka taimaka kar ka taɓa min ƙarshenta, a nan buƙatata take.

Ni ɗan Arewa ne, neman abinci ya kawo ni jihar Indiyana ta Amurka. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, Ba'amurke, da zarar an fara hirar wasanni sai ya jawo maganar Milan, Milan kaza Milan kaza, ni kuma da farko na ɗauka Milan ɗin Italiya yake nufi har ina mamakin yadda tsoho a nan ya san AC Milan, ashe wani ɗan ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar, kuma su ma ba Milan suke cewa ba, Mailan suke kiran sa. Da ya ishe ni sai wata Asabar na ce gani ya kori ji, na tada mota na tafi. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga Indiyanapolis, gonakin masara da waken suya hagu da dama har ka gaji da kallo.

Kafin ka shiga garin abin da za ka fara hanga shi ne tankin ruwansu, dogo a sama, an rubuta a jikinsa cewa su ne zakarun jiha na 1954. Mutanen garin ko yanzu ba su kai dubu biyu ba, wallahi akwai unguwanni a Kano da layi ɗaya ya fi su yawa. Amma a tsakiyar garin, cikin wani tsohon ginin banki, sun buɗe gidan tarihi guda saboda tim ɗin ƙwallon kwando na makarantar sakandaren gwamnati ta garin. Rigunan yaran na nan a rataye a cikin gilas, da takalmansu, da jaridun lokacin duk sun yi ruwan ƙasa saboda tsufa, da hotuna baƙi da fari na samari sirara masu askin kwal-kwal, kana ganinsu ka san 'ya'yan manoma ne. Na daɗe a tsaye gaban wata riga, zaren lambar har ya fara warwarewa amma an lallaɓa ta kamar lefen amarya.

Ga abin da ya faru. A 1954 ɗaliban makarantar gaba ɗaya su 161 ne, maza da mata. A wancan zamanin a Indiyana gasar ƙwallon kwando ta sakandare guda ɗaya ce tal, ba a ware manya daban ƙanana daban, makarantar birni mai dubban yara da ta ƙauye mai aji huɗu duk tukunya ɗaya ake zuba su, wanda aka ci ya kama hanyar gida. A shekarar makarantu 751 ne suka shiga. Kocin Milan wani matashi ne Marvin Wood, shekararsa 26 kacal, kuma yadda ya samu aikin ma abin dariya ne, wanda ya gada, Herman Grinstead, an sallame shi ne saboda ya yi odar sababbin riguna wa 'yan wasa ba tare da izinin hukumar makaranta ba. Kai ka ji fa, ko a Amurka ma rigimar kuɗin yunifom na cin kujerar mutum. Mutanen gari ba su so Wood ba da farko don suna ƙaunar tsohon kocinsu, amma a 1953 ya kai yaran har cikin huɗun ƙarshe na jiha, sai bakin kowa ya mutu.

A 1954 suka dawo da ƙarfinsu. Duk kakar wasan sau biyu kawai aka ci su, suka ci 28. A hanya sun haɗu da makarantar Crispus Attucks ta Indiyanapolis wadda Oscar Robertson ke yi wa wasa yana ɗan yaro, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, suka doke su 65 da 52. Sai wasan ƙarshe ranar 20 ga Maris 1954 a zauren wasa na jami'ar Butler, wurin da ke cin mutum wajen dubu 15, wato ya ninka mutanen garin Milan fiye da sau goma. Abokan karawarsu Muncie Central, makaranta mai ɗalibai sama da 1,600, ta riga ta ci kofin sau huɗu, a 1928 da 1931 da 1951 da 1952, yaransu dogaye ƙarti. Kowa ya san in aka ce a yi gudu da tsalle Milan ba za ta kai labari ba.

To a nan ne wayon kocin ya fito. A lokacin babu dokar da ta ce dole ka jefa ƙwallo cikin daƙiƙa kaza, kana iya riƙe ta har sai ka ga dama. An tafi hutun rabin lokaci Milan na gaba 23 da 17, Muncie suka farfaɗo suka kamo su 26 da 26, a zangon ƙarshe ma suka wuce gaba 28 da 26. Sai Wood ya ce wa ɗan wasansa Bobby Plump ya tsaya. Yaron nan ya tsaya cak a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu sama da minti huɗu, ba ya gaba ba ya baya, kuma fa su ake ci! Mutum dubu 15 na ihu, yaro na tsaye kamar an dasa shi. Ni da dattijon abokina mun yi musu a kan wannan, na ce masa a garinmu in ka yi haka ana cin ku to da jifa za a raka ka gida kai da kocin naka, ya yi dariya ya ce ai dabarar ita ce kar a bar Muncie su samu damar gudu, a gajarta wasan ya zama na minti biyu uku, a nan ne ƙaramin tim zai iya da babba. Da Plump ya gama tsayuwar ya jefa, ƙwallon ma ba ta shiga ba. Amma suka ƙwato, ɗan wasan Milan Ray Craft ya farke, aka yi ta ja har aka kai 30 da 30. Plump ya sake riƙe ƙwallo har saura daƙiƙa 18, aka nemi ɗan hutu, aka shirya cewa sauran huɗun su ja gefe guda su bar masa fili, ya taho ya yi kamar zai bi hagu ya karkata dama ya daka tsalle ya jefa, ta shiga saura daƙiƙa uku. 32 da 30. Raina kama ka ga gayya.

Washegari da suka koma gida an ƙiyasta mutum dubu 40 ne suka cika garin da a lokacin mutanensa ba su wuce 1,150 ba, motoci sun yi layi na mil da mil a bakin hanya. Shi Plump ɗin ma ba ɗan cikin Milan ba ne, daga wata 'yar ruga yake da ake kira Pierceville, su huɗu a tim ɗin daga can suka fito, a bayan gida suka koyi wasan da kwandon da aka kafa a jikin sito. Daga baya ya samu gurbin karatu a jami'ar Butler saboda wasan, da yawa cikin abokansa ma ta wannan hanyar suka shiga jami'a, yaran da watakila da gona za su koma. Har fim aka yi a 1986 da ya ɗauko labarin, duk da sun canja sunan gari sun ƙara gishiri.

Ba zan ɓoye wani gefen ba Malam Edita, don kar a ce na zo Amurka na ga komai fari. Ita Crispus Attucks ɗin da Milan ta doke makarantar baƙar fata ce zalla, an buɗe ta a 1927 musamman don a raba 'ya'yan baƙaƙe da na farare, kuma har zuwa 1942 ba a ma barin irinsu su shiga gasar jiha. Shekara guda bayan Milan, a 1955, su suka ci kofin a ƙarƙashin kocinsu Ray Crowe, suka sake ci a 1956 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Amma a 1955 da suka ci, bayan an zagaya da su dandalin tsakiyar birni sai aka kora bikin nasu can wani filin shaƙatawa a unguwar baƙaƙe. A ganina nasarar Attucks ta fi ta Milan nauyi in dai ana maganar abin da yara suka sha kafin su kai, amma labarin Milan ne ya fi yawo a bakin mutane, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Da na faɗa wa dattijon haka shiru ya yi, can ya ce gaskiya ne.

Yanzu ma irin abin Milan ba zai sake faruwa ba, tun daga 1998 hukumar wasannin jihar ta raba gasar gida huɗu gwargwadon yawan ɗalibai, ƙanana su kara da ƙanana. Har gobe tsofaffi na jin haushin wannan, suna cewa an kashe gasar, wasu kuma na cewa yanzu ne yaran ƙauye ke samun kofin da za su kai gida. Ni dai ina bayan tsofaffin, amma wannan rigimarsu ce. Makarantar dai tana nan tana aiki, yara na shiga aji suna fita, ranar wasa gari na cika zaure.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne abin da ya taso min a hanyar dawowa. Ni ma makarantar gwamnati na yi a wani ƙaramin gari a Arewa, ba zan kama suna ba, 'yan makarantarmu in sun karanta za su gane. Muna aji biyu tim ɗinmu na ƙwallon ƙafa ya je babban birnin jiha ya ɗauko kofi a hannun makarantun da suke mana kallon ƙauyawa. A bayan wata tsohuwar a-kori-kura aka kawo su, tun daga tasha muka tare su muna gudu muna waƙa ƙura ta tashi, mata na guɗa a ƙofar gidaje, hakimi da kansa ya aiko da rago. Golanmu a ranar da yatsa a ɗaure ya yi wasa, wani malamin lissafi ne kocin kuma ko kwabo ba a ƙara masa a albashi ba, da kuɗinsa yake sayo lemo da gulukos. An ajiye kofin a saman kabad a ofishin firinsifal, duk wanda aka kira a yi wa bulala sai ya ɗaga kai ya kalle shi tukun.

Da na je gida hutun da ya wuce na leƙa makarantar. Filin ƙwallon an yanka kusan rabinsa an yi shaguna ta bakin titi, sauran kuma wani ya shuka gero a ciki, turken gola ɗaya ne ya rage shi ma ya karkace awaki na ɗaure a jiki. Na shiga ofis na gaida malaman, mutanen kirki ne sun karɓe ni hannu bibbiyu, na tambayi kofin. Aka kalli juna. Wani ya ce kamar yana sito, aka nemo makulli aka buɗe, karyayyun kujeru ne da tsofaffin rajista da gara ta cinye. Babu kofi, babu hoto ko ɗaya, babu ma wanda ya san an taɓa ci. Na tambayi wani yaro ɗan aji uku yaushe rabonsu da intahaus ya ce shi tun da ya shigo bai taɓa gani ba. Kuma ban ga laifin malaman ba, mutumin da ke fama da yara sama da ɗari a aji ɗaya ga albashi ba ya kai wata ina zai tuna da kofin da aka ci kafin a ɗauke shi aiki.

Laifin namu ne tsofaffin ɗalibai. Muna da ƙungiya, muna da guruf a WhatsApp da ba a barci saboda gardamar siyasa da ta Arsenal da Barcelona, in an tara kuɗi kuma get ake ginawa a rubuta sunan shugaban ƙungiya a jiki da manyan baƙi. Ban ce get ba shi da amfani ba. Amma su mutanen Milan ba wata gwamnati ce ta zo daga birni ta adana musu rigunan nan ba, 'yan gari ne suka tattaro, kuma ba masu kuɗi ba ne, manoma ne da masu ƙananan shaguna. Mu da muke da maroƙa da mawaƙa da ke riƙe sunan kakan kakan sarki, a ce mun kasa riƙe sunayen yara goma sha ɗaya da suka fitar da garinmu kunya shekara talatin da suka wuce, ni kaina da nake wannan surutun bakwai kawai na iya tunawa, na ƙirga a mota har sau uku.

Don haka ga roƙona. Na farko ga jaridarku, ku ware ko rabin shafi ne a wata, mutane su riƙa aiko da tsofaffin hotunan tim ɗin makarantunsu da sunayen waɗanda ke ciki da shekarar, na ƙwallon ƙafa ne ko gudu ko langa ko dambe, kafin masu sanin fuskokin su ƙare. Na biyu ga 'yan makarantarmu, na tuna a ranar an kira mai hoto daga kasuwa ya ɗauki tim ɗin a gaban ofishin firinsifal, golan na tsugune a gaba da kofin a hannu, kuma an wanke wa kowane ɗan wasa kwafi guda. Duk wanda nasa ke nan a ƙasan akwati ko a gidan mahaifiyarsa, don Allah ya ɗauka a waya ya turo wa Malam Edita, zan biya kuɗin wankewa da firem a rataye a makarantar. Wanda kuma kofin ke gidansa ya dawo da shi, ba za a tambaye shi komai ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida farin jini.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi, daga Indiyanapolis, Amurka